Waya Biyar a Huji Ɗaya

Shekara arba'in ina yi wa masu jego wanka, tun muna Gumel har na zo aikin Hajji na manta hanyar filin jirgi. Ko alif ban sani ba, amma hannun nan nawa na dama ya san zafi. In na tsoma shi a ruwa zan faɗa miki ko zai gasa jiki ko zai saɓule fata. To shi ne ya fara kawo mini ƙarar katakon.

Shekara biyu bayan yaƙin Kuwait ne, an gama Hajji ke nan, zafin Jidda ya kai inda ko magen unguwarmu Karantina ba ta faɗa da rana. Autata Rabi'a cikinta ya shiga wata tara. Na fari ne, kuma a wurina za ta yi wanka. Ɗakina na ƙasa mu huɗu ne a ciki, babu inda za a shimfiɗe jinjiri. Mai gidan da muke haya ya ce mu kafa ɗaki a saman bene, amma na katako, kada baladiyya, hukumar gari, ta hango bulo ta zo da tambaya.

Mijin Rabi'a, Muntaka, shi ya ɗauki aikin. Haihuwar unguwar Mahjar ne a nan Jidda, Hausarsa rabi Larabci, kuma wutar lantarki ce sana'arsa. Ba ni da abin faɗa a kansa. Yana da kunya, yana da tsafta, ba ya ɗaga ido ya kalle ni. Tsaftar ce ma ta ja mana. Daga akwatin wuta da ke bakin matakala ya jawo waya biyar: ta mukayyif mai sanyaya ɗaki, ta firji, ta fitila da fanka, sai biyu na soket. Ya haɗa su ya naɗe da baƙin salatif kamar kitson amarya, ya bi da su jikin bango, ya zura su duka ta huji ɗaya a katakon da ke tallafe da rufi. Da ya gama ya ja baya yana kallo, ya ce da matarsa, don ni in ji:

"Shufi, ya Rabi'a, duba. Nadif, tsaf. Ko a unguwar Safa ba za ki ga aiki haka ba."

Na ce da Rabi'a ta ce masa Allah ya yi albarka.

Bayan sun tafi na hau kujera na duba. Akwai 'yar kafa a gefen wayoyin, daidai inda kyankyaso zai shigo ko sallama babu, sanyin mukayyif kuma ya fice. Sai na yago soson tsohuwar katifa na cusa, na danna da bakin cokali har ko iska ba ta wucewa. Ban gaya wa kowa ba. Wa ke ba da labarin ya toshe rami?

Wankan jego kuwa ba wankan zuwa kasuwa ba ne. Diro ake tafasawa, safe da yamma, kwana arba'in. A gida da itace muke yi. A saman bene a Karantina in kika hura itace, kafin ruwa ya yi ɗumi unguwa ta taru. Saboda haka hita biyu na tanada, irin wadda ake tsomawa cikin ruwa. Ranar Talata na ce bari in gwada. Na cika diro, na sa hita ɗaya a wannan soket, ɗaya a wancan, mukayyif na aiki, firji na aiki, na zauna ina tsinke ganyen darbejiya.

Ruwa bai kai ga tafasa ba na ji wari. Ba hayaƙi ba ne, wari ne kamar an manta silifas kusa da murhu. Na shinshina diro, ba shi ba. Na shinshina firji, ba shi ba. Na hau kujera na ɗora hannu a katakon nan, daidai hujin. Sai da na ce bismillahi na janye. Na matsa kamu ɗaya na taɓa, sanyi ƙalau.

Na sauko na kashe komai na zauna. Ɗakin katako ne, rufin kwano, matakala ɗaya siririya wadda ko mai lafiya sai ya karkace yake sauka. Na hango Rabi'a kwana uku da haihuwa, da jinjiri a hannu, wuta na bin katakon da ke saman ƙofar fita. 'Yan kwana-kwana ma in sun zo ba su kaɗai suke zuwa ba, jawazat masu kama baƙi na biye da su, gidan kuma kaf mutum biyu ne masu iƙama, takardar izinin zama. Amma wannan lissafin wanda ya fito da rai ne. Nan take na ce a raina, ba za ta kwana a ɗakin nan ba sai an raba wayoyin nan, ko da zan yi mata wanka a tsakiyar titi.

Matsalar ita ce suruki ba a tare shi a ce aikinka bai yi ba. Sai na aika Rabi'a. Washegari ta dawo tana jan ƙafa, ta zube a tabarma.

"Iya, ya ce kowace waya a cikin nan ta fi ƙarfin hita. Ya ce ya auna."

"Ya auna ta da 'yan'uwanta, ko ita kaɗai?"

"Ni ina na sani? Ya ce in kaya ya yi yawa makunnin akwati zai faɗi da kansa. Ya faɗi?"

"Bai faɗi ba."

"To ya ce rana ce ta bugi kwano."

"Ranar ta zaɓi huji ta bar sauran katakon?"

"Iya, don Allah. Mutumin nan sati biyu bai huta ba saboda ɗakin nan. Kin san halinsa, in aka taɓa aikinsa ko abinci ba ya ci."

"Ke kuma in aka taɓa mijinki ko uwarki ba kya gani. Tashi ki sha kunu."

Da ta tafi na tuna ina da kakiden ragon layya a gwangwani, mai tauri, wanda ko zafin Jidda ba ya narkarwa sai an ɗora a wuta. Na gutsuro biyu kamar goro. Ɗaya na manna a katako dab da hujin, ɗaya na manna can nesa, a katako guda, ƙarƙashin kwano guda. Na kunna komai. Kafin ruwa ya tafasa na kusa da hujin ya fara hawaye yana bin bango. Na nesa yana nan zaune daram kamar mai jiran bas. To, in rana ce, rana mai son kai ce.

Yanzu na san gaskiyata, amma ban san dalili ba, kuma mai sana'a ba ya sauraron tsohuwa da gwangwanin kitse. Ranar Alhamis da safe, ranar hutun ma'aikata a nan, na yafa baƙin mayafina na hau 'yar bas zuwa Safa, unguwar masu hali. Akwai Zubaidatu a can, wadda na yi wa wankan 'ya'ya biyu. Mijinta Gwadabe injiniyan lantarki ne, kamfani ya ɗauko shi daga Kaduna da takardunsa cif. Na iske shi a falo da jarida, ƙafa a kan tebur. Da ganina ya sauke ƙafar.

"Baba Indo! Wa kuma ya haihu?"

"Ba a haihu ba tukuna. Karatunka na zo aro, na ga ba ka amfani da shi ranar Alhamis."

Zubaidatu ta kawo shayi tana dariya. Na ba shi labari tun daga matakala har zuwa kakide. Da na zo wurin kakiden ya ajiye jarida gaba ɗaya.

"Biyu kika sa? Ɗaya kusa, ɗaya nesa?"

"In ɗaya na sa ai za a ce rana ce."

Ya kalli matarsa ya ce, "Akwai waɗanda muka yi makaranta tare da ba za su yi tunanin na biyun ba." Sannan ya juyo. "Waya nawa ce a hujin?"

Na ɗaga yatsu biyar.

"Bayan hujin, a warware suke ko a ɗaure?"

"A ɗaure tam, tun daga matakala."

"Hujin a buɗe yake, ko an toshe shi da wani abu?"

Na kurɓi shayi. Na yaba labulen Zubaidatu, na tambayi inda ta saya.

"Baba Indo."

"Wani bawan Allah ya sa soso."

"Wane bawan Allah?"

"Mai tsoron kyankyaso. Ci gaba da bayaninka."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya gyara zama. Ya ce surukina bai yi ƙarya ba. Kowace waya in wuta na bin ta tana yin ɗumi, kuma in ita kaɗai ce iska na kwashe ɗumin, sai ta ɗauki kayan da aka rubuta mata lafiya lau. Ya ce, "In kin kwashe tuwo kin ajiye malmala ɗaya a faranti, yaushe take hucewa?"

"Kafin a gama miya."

"In kin jera goma a kula kin rufe?"

"Har magariba da zafinsu."

"To haka waya take. In an haɗa su kowacce na dafa 'yar'uwarta. Shi ya sa a ƙa'idar aiki, in sun yi yawa wuri ɗaya, ana rage wa kowacce kaya. Kowace wayarki akwai siriri biyu a ciki masu ɗaukar wuta. Biyar sau biyu, goma. In sun kai goma a dunƙule, rabin kayanta kowacce za ta ɗauka. Rabi, Baba. Ke kuma kin ɗora musu cikakke, kin kawo soso kin rufe kular."

"Makunnin fa, me ya hana shi faɗuwa?"

"Shi nauyin kaya yake ji, ba ya jin zafin huji. A wurinsa kowace waya tana cikin iyakarta. Robar jikinsu za ta yi ta dahuwa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da za ta tsage biyu su haɗu. A cikin busasshen katako da soso."

Zubaidatu ta ce innalillahi. Ni na riga na faɗi nawa tun Talata.

Na ce, "Magani?"

Ya ce a warware kitson, a ba kowace waya hujinta da tazara a tsakani, a bar wa iska hanya, hita biyun kuma a ja musu waya mai kauri. Wadda ta riga ta dahu a cire ta. Ya ɗauko takarda ya zana, ya rubuta lambobi, ya ce ko ya zo da kansa ya yi wa Muntaka bayani.

Na ce, "A'a. Ka zo da mota da tabarau ka koya masa aikinsa a gaban matarsa? Ɗakin zai gyaru, gidan ya lalace. Maimaita mini dai, goma nawa?"

"Goma, rabi."

Na ninke takardar na ƙulle a bakin zani. Duk hanyar bas ina ta faɗa a zuci kamar mai jan carbi.

Ranar Juma'a na dafa shinkafa da kifi na aika a ce su zo cin rana bayan masallaci, a sabon ɗaki, a sa masa albarka. Tun kafin a sauko na cika diro, na kunna hita biyu da mukayyif da firji. Na manna kakide, wannan karon kamar ƙwan kaza, a kan katakon daidai hujin, da wani can nesa. Sannan na shimfiɗa darduma mai kyau, ta baƙi, a ƙarƙashin na farkon. Na tsaya kusa da akwatin wuta da hannuna a shirye, don wayo ba ya hana gobara.

Muntaka ya shigo cikin farar jallabiya mai guga, sai ƙamshin turare. Ya durƙusa ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Khala yake ce mini, wato inna da Larabci.

"Kaif halik, ya khala? An wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Rabi'a, nuna wa mai gidanki wurin zama."

Ya zauna. Ya yi loma uku. Ta huɗu tana hanya sai ɗigo ya sauka a kafaɗarsa. Ya share bai duba ba. Na biyu ya sauka a hannun riga. Ya shinshina.

"Esh hada? Rabi'a, mai ne?"

Rabi'a ta ɗaga kai, ta kalli katako, ta kalle ni. Ta san uwarta.

"Iya!"

Na ce, "Rabi'a, tambayi mai gidanki, shi da ya san aiki. Kakide biyu na ajiye a kan katakon nan saboda mage. Ɗaya yana zuba, ɗaya bai motsa ba. Ni tsohuwa ce, ban gane ba."

Ya miƙe. Dogo ne, ba ya bukatar kujera. Ya kai hannu wurin hujin, ya fizge da sauri yana yarfewa. Ya taɓa can nesa. Ya dawo ya sake taɓa hujin, a hankali wannan karon. Na kashe makunnin. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ruwan diro da ke hucewa.

Ya sa ɗan yatsa ya zaƙulo abin da ke ciki. Soson da na sa fari ya fito ruwan ƙasa, gefensa ya ƙanƙance.

"Min hatta hada? Wa ya sa soso a nan?"

Na ce, "Rabi'a, ce masa ni ce. Kyankyaso na tsare wa hanya. Laifina ne, na ɗauka."

Na ga kafaɗunsa sun sauko, ya samu inda zai ajiye kayan. Ya ce, da ladabi, "Ma'alesh, ya khala. Shi ne sababi. An cire, khalas. Yanzu ba matsala."

Rabi'a ta yi ajiyar zuciya ta jawo faranti. Ni ban zauna ba.

"Rabi'a, ce masa soso nawa ne, na yarda. Amma waya biyar ce a ɗaure tun daga matakala, kowacce da siriri biyu a ciki. Goma ke nan. In sun kai goma a dunƙule, rabin kaya kowacce ke ɗauka. Tambaye shi ko hita ta san rabi."

A shekara biyu da aurensu, ranar ce ya fara ɗaga ido ya kalle ni sosai. Sannan ya tuna, ya mayar ƙasa.

"Wa ya faɗa miki haka, ya khala?"

"Tuwo."

"Na'am?"

"Rabi'a, ce masa ya warware salatif ɗin nan ya duba. In robar tana nan yadda ya saye ta, zan yi shiru har in mutu, kuma kowa ya san wannan ba ƙaramin alkawari ba ne a wurina. In ba haka ba, ke ba za ki kwana a nan ba, ko da a matakala zan yi miki wanka."

Sai ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya tsaga salatif ɗin daga bakin hujin ya yi baya. Wayoyin ba su rabu ba. Sai da ya ja da ƙarfi suka ɓanɓaru da ƙara, kamar an raba alewar da ta kwana a rana. Farar robar ta koma kalar shayi, ba a hujin kaɗai ba, har kamu biyu a baya inda sosona bai taɓa zuwa ba. A wuri ɗaya ya danna da farce, robar ta buɗe, jan ƙarfe ya leƙo.

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya kalli cikin Rabi'a. Ya ce a hankali, shi da kansa, "A gidajen bulo muke ja cikin bututu, mu'allim, ubangidan aiki, ne ke lissafi. Ni kowace waya na auna ita kaɗai." Ya juyo wajen diron. "Kuma wallahi ban san diro ake tafasawa ba. Na ɗauka buta ce."

Na ce, "Rabi'a, ce masa uwarsa ta tafasa diro a kansa, bai dai lura ba a lokacin."

Ya yi 'yar dariya ba da son ransa ba. Ya tuɓe jallabiyar ya miƙa wa matarsa, ya sauka da singileti, ya dawo da injin huda katako. Takardar Gwadabe tana ƙulle a bakin zanina. Na taɓa ta, na bar ta inda take. Da na ga ya auna tazara da yatsu huɗu tsakanin huji da huji, na san karatun yana cikin kansa, kitson ne ya rufe shi.

Ranar bai ƙarasa kifinsa ba. Asabar da sassafe ya zo da sababbin wayoyi, biyu daga ciki masu kauri kamar ɗan yatsana, ya ja kowacce ita kaɗai a kan hanyarta. Aikin bai kai na farko kyau ba, bangon ya zama kamar an tsefe kai ba a kitsa ba, kuma na ga abin yana cizonsa. Da ya gama ya kunna komai, ya tsaya yana kallon ƙasa, ya ce:

"Rabi'a, ki ce wa khala ko akwai sauran kakide."

Na gutsuro biyar na ba ta ta miƙa masa. Shi da kansa ya manna ɗaya a bakin kowane huji. Muka zauna mu uku muna kallon katako kamar masu kallon talabijin, har diro ya tafasa ya yi ta ɓulɓula. Ko ɗaya bai yi gumi ba. Na hau kujera na ɗora hannuna, don shi na fi yarda da shi. Katako ne kawai.

Ranar Talata da hantsi Rabi'a ta sauka, mace. Kwana arba'in na tafasa diro safe da yamma, kuma kowace safiya kafin in tsoma ganye sai na taɓa katakon nan. Kakiden biyar suna nan har aka yi arba'in, sai ƙura da suka kwasa. Takardar injiniya kuwa da ita na ƙunsa wa wata maƙwabciya kanwa.

Muntaka ya roƙi abu ɗaya, ta bakin matarsa: kada in ƙara cusa komai a hujin. Na cika alkawari. Kyankyasai suka samu ƙofa biyar maimakon ɗaya, ni kuma na ajiye musu takalmi a bakin gado.